Jirgin U-2: shekara 70 ana ɗaukar hoto daga sama, wa ake nuna wa?

Rundunar sojin saman Amurka ta daɗe tana shelar cewa za ta ajiye jiragenta na leƙen asiri samfurin U-2, amma duk sa'ad da wa'adin ya ƙarato sai majalisar dokokin ƙasar, ko su kansu hafsoshin, su ja da baya. Jirgin nan ya fara tashi ne a watan Agustan 1955 a wani ɓoyayyen fili cikin hamadar Nevada, duka-duka guda 104 kamfanin Lockheed ya ƙera, kuma waɗanda suka rage a bakin aiki ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Masu rubutu kan tarihinsa sukan tsaya ne ga gwanintar injiniyan da ya zana shi, Kelly Johnson, da yadda yake lulawa sama har ƙafa dubu 70, wato fiye da kilomita 21. Wannan yabo ya dace, sai dai a ganina ba a nan ya kamata a auna jirgin ba. Wanda ya bi tarihin aikinsa daki-daki zai tarar cewa a duk inda aka yi shawagin da sanin waɗanda abin ya shafa, aka kuma baje hoton kowa ya gani, jirgin ya taimaka wajen kashe wutar rikici. Inda kuwa aka ɓoye aikin aka lulluɓe shi da ƙarya, amfanin ya ragu ƙwarai, kuma asarar takan faɗa ne a kan waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Tsoro ne ya haifi jirgin. A tsakiyar shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet a rufe take ruf, kuma mahukuntan Washinton ba su da tabbacin yawan jiragen yaƙin da za su iya kawo musu bam na nukiliya. A wani bikin nuna jirage da aka yi a Mosko a 1955, 'yan jirage kaɗan masu dogon zango suka riƙa zagayowa suna sake giftawa ta gaban baƙi, har masu ƙidaya suka ɗauka suna da yawa, majalisar Amurka kuma ta shiga matsa lamba a ƙara kuɗin makamai. A watan Yulin wannan shekara, a taron Jeniba, Shugaba Eisenhower ya kawo shawarar kowace ƙasa ta bar ɗaya ta yi shawagi a samanta a fili ta ɗauki hoton sansanoninta. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya yi fatali da shawarar, yana ganinta leƙen asiri ne da aka sauya wa suna. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: a lokacin da Eisenhower yake wannan tayi, ya riga ya amince tun ƙarshen 1954 a ƙera U-2 a ƙarƙashin hukumar CIA, don haka ko an karɓi tayin ko an ƙi, ya ƙudura zai gani.

Ranar 4 ga Yulin 1956 jirgi na farko da ya keta Tarayyar Sobiyet ya tashi daga Wiesbaden a Jamus ta Yamma ya ratsa samaniyar Leningrad, washegari wani ya bi ta kan Mosko. An tabbatar wa shugaban cewa na'urorin rada na Sobiyet ba za su gano shi ba, amma tun a tashin farko suka bi sawunsa, abin da suka rasa kawai shi ne makamin da zai cim masa. Hotunan da aka wanke sun nuna cewa jiragen da ake ta fargaba ba su taka kara sun karya ba. A 1957 kuma jiragen da suka tashi daga Pakistan suka gano filin harba rokoki na Tyuratam, wanda duniya ta sani yau da sunan Baikonur. Gani ya kori ji, kuma wannan gani ya ba Eisenhower ƙarfin zuciyar ƙin biye wa masu son a zuba kuɗi ba lissafi.

Duk mai kare aikin ɓoye da wannan yake kafa hujja, kuma hujja ce mai nauyi, domin da an nemi izini da ba a samu hoton ba. Amma a dubi abin da ɓoyewar ta jawo. Da yake shugaban ba zai iya fito da hotunan ya nuna wa jama'arsa ba, sai wani sabon tsoro ya maye gurbin tsohon, aka koma cewa Sobiyet ta yi wa Amurka fintinkau a makamai masu linzami masu cin dogon zango. Kennedy ya yi yaƙin neman zaɓe da wannan zance a 1960, alhali a aljihun gwamnati akwai shaidar da take nuna ba haka abin yake ba. Kafin a fito fili a 1961 a ce babu wannan tazara, an riga an kama hanyar da ta kai Amurka ga girke makamai masu linzami samfurin Minuteman har dubu ɗaya, Sobiyet ita ma ta tashi haiƙan don ta kamo ta. Gaskiyar da mutum goma sha suka sani a ɗaki ɗaya ta kasa tsayar da gasar da miliyoyin masu jefa ƙuri'a suka yarda tana da dalili.

Kafin a kai ga 1960, yana da kyau mai karatu ya san irin aikin da ake ɗora wa mutumin da ke cikin jirgin. Matuƙin U-2 yakan shafe kimanin awa guda yana shaƙar tsantsar iskar oksijin kafin ya tashi, don kada jininsa ya yi kumfa idan ya kai can sama, sannan a sanya masa kaya irin na 'yan sama jannati, abincinsa kuma a matse yake cikin kwalba mai laushi yana zuƙa ta wata ƙofa a hular kansa. A samfuran farko, tazarar da ke tsakanin gudun da zai sa jirgin ya sulalo da wanda zai wargaza fukafukansa kaɗan ce ƙwarai, ga shi dole ya riƙe ta awa takwas ko tara shi kaɗai. Saukarsa ma wani aiki ne, domin tayoyinsa a jere suke gaba da baya kamar na keke, matuƙin kuma ba ya ganin ƙasa sosai, shi ya sa har yau wani matuƙin yake bin sa a guje cikin mota yana faɗa masa ta rediyo saura ƙafa nawa ya taɓa ƙasa. Mutane da dama sun mutu a wajen horo kaɗai, ba tare da wani abokin gaba ya harbe su ba.

Ranar 1 ga Mayun 1960 Francis Gary Powers ya tashi daga Peshawar a Pakistan da nufin ya keta Tarayyar Sobiyet daga kudu zuwa arewa ya sauka a Bodø ta ƙasar Norwe. Kusa da Sverdlovsk makami mai linzami samfurin S-75 ya kakkaɓo shi, wani makamin kuma ya sami jirgin Sobiyet da ke bin sa ya kashe matuƙinsa, Sergei Safronov, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Washinton ta sakankance cewa babu wanda zai faɗo daga wannan nisa ya rayu, don haka aka sa hukumar NASA ta ce jirgin binciken yanayi ne da ya ɓace bayan matuƙinsa ya sami matsalar iskar shaƙa a samaniyar Turkiyya. Khrushchev ya bar su suka yi nisa cikin zancen, sa'an nan ranar 7 ga Mayu ya sanar cewa matuƙin yana raye, ga kyamara, ga fim, ga tarkacen jirgi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Eisenhower ya amsa cewa da saninsa aka yi, taron ƙolin manyan ƙasashe da aka shirya a Faris tsakiyar watan ya watse tun ranar farko, aka kuma soke ziyarar da zai kai Mosko. Damar sassauta Yaƙin Cacar Baka da aka daɗe ana jira ta salwanta, kuma ina ganin ƙaryar ta fi harbin kansa ɓarna, domin Sobiyet ta yi shekara huɗu tana sane da shawagin ta haɗiye fushinta, abin da ba za a iya haɗiyewa ba shi ne wulaƙancin da ya fito bainar jama'a.

Akwai ɓangaren wannan labari da ya fi damuna. Khrushchev ya yi barazanar kai hari kan sansanonin da jiragen suke tashi da sauka a Pakistan da Turkiyya da Norwe, ya kuma ambaci Peshawar da suna. Mazauna wannan birni sun wayi gari suna cikin jerin wuraren da babbar ƙasa mai makaman nukiliya take nunawa da yatsa, a kan wani aiki da ba a taɓa gaya musu ana yi ba, kuma hotunan da aka ɗauko ba nasu ba ne. Powers an yanke masa shekara goma, aka yi musayarsa da ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel a watan Fabrairun 1962, ya koma gida wasu suna zarginsa don bai kashe kansa da allurar gubar da aka ba shi ba, duk da cewa babu wanda ya umarce shi da yin haka.

Abin da ya sami matuƙan Taiwan ya fi wannan ɗaci. Bayan abin kunyar 1960, Amurka ba ta son a sake kama ɗan ƙasarta, don haka ta ba da jirage da kyamarori, Taiwan ta ba da mutane, aka kafa rundunar da ake yi wa laƙabi da Baƙaƙen Kyanwoyi, wadda ta yi aiki daga 1961 zuwa 1974 tana leƙen cibiyoyin nukiliyar ƙasar Sin a wurare irin su Lanzhou da Baotou. An harbo jirage biyar a cikin ƙasar Sin, matuƙa uku suka mutu, biyu aka kama su da rai, Yeh Chang-ti a 1963 da Chang Li-yi a 1965. Gwamnatinsu ta lissafa su cikin matattu. Da Sin ta sake su a 1982, ƙasar da suka yi wa aiki ta ƙi karɓarsu, sai Amurka suka tafi, kuma sai a 1990 aka ba su izinin taka ƙasarsu. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa gaba ɗaya a kan aikin da aka musanta cewa ana yinsa, ya dawo kuma a rufe masa ƙofa. Duk lissafin nasarorin U-2 da bai sa wannan a ciki ba, lissafi ne na son rai.

Rikicin Kyuba na 1962 ya nuna ɗaya fuskar. Ranar 14 ga Oktoba Manjo Richard Heyser ya ɗauko hoton wuraren da Sobiyet take girke makamai masu linzami kusa da San Cristóbal, kuma a wannan karo gwamnatin Kennedy ta yanke shawarar fito da shaidarta. An kai hotunan ga shugabannin ƙawaye, kuma ranar 25 ga wata jakada Adlai Stevenson ya kafa su a zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a gaban jakadan Sobiyet da ke musu. Ƙasashe da yawa da ba su da dalilin gaskata Amurka sun gaskata abin da idonsu ya gani, kuma a nan Afirka ta Yamma, Senegal da Gini sun hana jiragen Sobiyet tsayawa shan mai a Dakar da Konakiri, duk da cewa shugaban Gini Sékou Touré ba ɗan amshin shatan Washinton ba ne. Sai dai jirgin da ya tona asirin ya kusa kunna wutar da ake gudu. Ranar 27 ga Oktoba hafsoshin Sobiyet da ke tsibirin suka harbo Manjo Rudolf Anderson ba tare da umarnin Mosko ba, ya mutu, kuma a wannan ranar wani U-2 da ya je ɗebo samfurin iska a ƙuryar arewacin duniya ya ɓata hanya ya kutsa samaniyar Sobiyet, jiragen yaƙin ɓangarorin biyu suka tashi, na Amurka ɗauke da makamai masu kan nukiliya. Washegari Khrushchev ya amince ya kwashe makamansa.

Aikin da na fi ganin ƙimarsa a duk tarihin jirgin shi ne wanda ba a cika ba da labarinsa ba, wataƙila saboda babu harbi a cikinsa. Bayan yaƙin Oktoban 1973, Masar da Isra'ila sun amince su ja da dakarunsu baya a yankin Sina'i, amma babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa. A yarjejeniyar watan Satumban 1975 aka rubuta ƙarara cewa jiragen Amurka za su riƙa shawagi a kan yankin duk bayan kwana bakwai zuwa goma, kowane ɓangare yana da ikon neman a yi shawagi kafin lokacin, kuma za a miƙa sakamakon ga Masar da Isra'ila da babban jami'in dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga sansanin Akrotiri a tsibirin Kubrus jiragen U-2 suka riƙa tashi suna wannan aiki shekara da shekaru. Kyamarar da ta jefa Peshawar cikin haɗari ita ce a nan take ba hafsan Masar damar ya ƙirga tankokin abokin gabarsa ya kwana da kwanciyar hankali. Ana iya sukar sulhun Masar da Isra'ila ta fuskoki da dama, musamman yadda ya bar Falasɗinawa a baya, kuma sukar tana da tushe. Amma ƙasashen biyu da suka gwabza yaƙi sau da dama cikin shekara 25 ba su sake gwabzawa ba tun daga nan, kuma samun shaidar da kowa yake gani yana cikin dalilan.

A Iraƙi an fara da irin wannan tsari aka ɓata shi. Bayan yaƙin 1991, wanda jiragen U-2 suka yi wa aiki daga Ɗa'ifa a Saudiyya, an ba masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya aron jirgin, ana sanar da Bagadaza kafin ya tashi. A farkon 1999 jaridun Amurka suka bankaɗo cewa jami'an leƙen asirin ƙasar sun fake da aikin masu binciken suna tattara bayanai don buƙatar kansu, abin da ya zubar da mutuncin aikin baki ɗaya. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 kuma sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna a zauren da Stevenson ya zauna, ya nuna hotunan tauraron ɗan'adam yana cewa shaidar makaman ƙare dangi ce. Shugaban masu binciken, Hans Blix, ya ja hankali cewa motocin da ake gani a ɗaya daga hotunan suna iya kasancewa zirga-zirga ce ta yau da kullum, ba a saurare shi ba, aka yi yaƙin, ba a kuma sami makaman ba. Nuna hoto kaɗai bai wadatar ba ke nan, sai an bar wanda ba shi da hannu a rigimar ya je ƙasa ya tantance abin da hoton yake nufi.

Dalilin daɗewar jirgin a bakin aiki ba ɓoyayye ba ne. Tauraron ɗan'adam yana bin hanya sananniya a lokaci sananne, U-2 kuwa yana iya tsayawa a kan wuri guda awa da awanni, ana kuma sauya masa na'urori gwargwadon buƙata. An ƙara masa girma a 1967, aka sake buɗe ƙera shi a shekarun 1980, aka sauya masa inji a shekarun 1990, har ya ga bayan jirgin SR-71 da aka yi don ya gaje shi. A Fabrairun 2023 ma shi aka tura ya hau saman balan-balan ɗin ƙasar Sin da ya ratsa Amurka ya duba shi. Duk da haka hujjar masu son a ajiye shi tana da ƙarfi, domin ba zai tsira daga makaman kakkaɓo jirage na zamani ba, kuma ba na jayayya da su a kan wannan.

Damuwata tana ga abin da yake maye gurbinsa. Cikin shekara huɗu sau 24 kacal aka keta samaniyar Sobiyet, saboda Eisenhower ya riƙe ikon ba da izini a hannunsa, yana sane da cewa akwai rai a cikin jirgin kuma akwai abin kunya idan ya faɗo. Jirgi mara matuƙi ya kawar da wannan nauyi daga zuciyar mai ba da umarni, kuma idan ya faɗo babu fursunan da zai tilasta wa gwamnati ta faɗi gaskiya. A daidai wannan lokaci kuma tsarin gani a fili yana rushewa: yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da aka sa wa hannu a 1992, ta fara aiki a 2002, wadda ta ba ƙasashe fiye da 30 damar yin shawagi a saman juna su kuma raba hotunan, Amurka ta fice daga cikinta a 2020, Rasha ta bi bayanta a 2021.

Wannan batu ya taɓa mu kai tsaye. Jiragen Amurka marasa matuƙa sun fara tashi daga Yamai a 2013, daga baya aka gina musu sansani a Agadez kan kuɗi fiye da dala miliyan 100, suna sintiri a saman Sahel da kudancin Libiya. A watan Maris na 2024 hukumomin sojan Nijar suka soke yarjejeniyar, suna ƙorafin cewa ba a tuntuɓi wakilan al'umma ba kafin a ƙulla ta, kuma kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka sun kammala ficewa. Ko mutum yana goyon bayan wannan mataki ko yana adawa da shi, buƙatar ido a sama ba ta gushe ba, domin dazuzzuka da hamadar da 'yan bindiga suke ɓuya a cikinsu sun fi ƙarfin sintirin ƙasa, kuma za a ci gaba da samun masu tayi, Amurka ce ko Rasha ko Turkiyya ko Faransa. Duk gwamnatin da za ta ba da filin jirginta ya kamata ta sa a rubuta mata inda jiragen za su je da inda ba za su je ba, ta sami ikon neman shawagi a lokacin da take buƙata, a riƙa miƙa wa hafsoshinta sakamakon a kan kari, majalisar dokokinta kuma ta ga takardar kafin a sa hannu. Masar ta sami mafi yawan waɗannan sharuɗɗa a rubuce a 1975, shekara biyu kacal bayan ta fito daga yaƙi, a lokacin da tattalin arzikinta yake cikin mawuyacin hali.